Gadar Gaya a Kan Likkafanin Iya

Gaya, 9 ga Yuli, 1959

Zuwa ga ɗana Tanko, gidan likita na Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kana kuma koyon yi wa mutane allura ba tare da ka karya ta a jikinsu ba. Mu nan lafiya lau. Innarka lafiya, yayyenka mata lafiya a ɗakunansu. Ruwa ya sauka sosai, hatsi ya kai gwiwa a gonarmu ta hanyar Tanda. Kakarka Iya tarin nan nata bai sake ta ba, amma tana cin tuwo, tana zagin kaji. Ni ma lafiya nake daga wuya zuwa ƙasa. Daga wuya zuwa sama kuwa, karanta ka gani, kai ne likita.

Ka san tun da aka gama gada aka sallame mu, ba ni da aiki sai zaman gindin ceɗiya ina gyara wa gwamna mulkinsa da baki. To, ran nan kukun injiniya ya nuna mini wani ƙyalle da Madam ɗinsu, matar injiniyan, take goge faranti da shi, suna ce masa tarsho. An buga masa hoton wani dogon ƙarfe na ƙasarsu. Ya ce matan Nasara suna son irinsa, duk garin da suka zauna sai sun sayi mai hoton garin. Na ce ashe, ai mu ma yanzu muna da ƙarfe, namu ma a kwance yake kan ruwa.

Ka tuna ɗan Dahome ɗin nan da nake riƙe wa katako yana buga lamba a buhunan siminti? Aikinsa na sata da ido. Na haɗa katako huɗu, na ɗaure ƙyallen gidan sauro a kai tam kamar fatar ganga. Gidan sauron na innarka ne, amma wannan laifi ne daban, mun riga mun gama shari'arsa. Na zana gada da giginya biyu da ɗan kwalekwale, na toshe sauran wurin da kakin zuma. Sai a ɗora a kan farin ƙyalle, a zuba tawada, a ja ta da guntun taya. Kana ɗagawa, ga gada. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, malaminmu mushe yana cewa kaina dutse ne. Da yana da rai da na kai masa ɗaya.

Na farko da baban rini da ƙaro na yi su. Wanki ɗaya, gadar Nasara tana nan tsaye, tawa ta bi ruwa. Sai na tsallaka Malanbil, hayin Dahome, na samo tawada ta gaske, wadda ko kura ta lasa ba ta fita. Madam ta gani ta tafa hannu, ta ce duzen, wato guda sha biyu, take so kafin bikinsu na katoz, sha huɗu ga wata, don bayan biki za su koma gida ke nan.

Yanzu ga inda aikinka na likita ya shigo. Na shimfiɗa alawayyon da na sayo a Kamba, na buɗe gwangwanin tawada, sai maƙwabcinmu ya leƙo. Na miƙe in yi masa bayanin yadda zan zama attajiri, ƙafata ta yi gaba da gwangwani. Yadin duka ya sha. Ba ranar kasuwa ba ce, ko da ranar kasuwa ce ma aljihuna ba ya zuwa kasuwa. Matan gida duk sun tafi suna. Ka san ɗakin innarka yana yoyo, jinkar da na ce zan gyara tun bara, shi ya sa ta kai kayanta ɗakin Iya. Ni da ban taɓa taka ƙofar ɗakin surukata ba, na duba hagu na duba dama na faɗa. Ƙarƙashin gado na ga adaka. A ciki ga farin yadi naɗe cikin tsohon zane, yana ƙanshin turare, mai kauri, mai laushi, ban taɓa taɓa irinsa ba. Na ce a raina, wato innarka Hajara dukiya take ɓoye mini. Na sa almakashi.

Tanko, ban taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba. Har ganyen giginya ya fito ɗaya-ɗaya. Washegari na kai wa Madam, ta biya ba ciniki. Na sayo tsire na dawo gida ina tafiyar alhazai, na ce wa innarka ta yafe mini yadinta, zan saya mata biyu. Ta tambaye ni wane yadi. Na ce na adaka. Ta ce wace adakar, ja ko baƙa? Na ce baƙa. Sai ta zauna a ƙasa, ba tabarma ba komai.

Ta ce, "Malam, likkafanin Iya ka yanka."

Shi ne wanda marigayi kakanka ya zo da shi daga Makka, lokacin da ya je da ƙafa ya yi shekaru a hanya, ya wanke shi da ruwan zamzam da hannunsa. Tun ran nan tsiren nan yake tsaye a maƙogwarona, ko da yake ban ci ba. Na koma gidan Madam, ta riga ta raba wa ƙawayenta, saura ta ɗaure cikin kaya. Ɗaya da ya rage a hannuna mai ɗan tabo na kai bakin kogi na dirje shi da sabulu da yashi har yatsuna suka yi jini. Gada ko gezau. Wannan karon ta tsaya.

Iya ba ta sani ba. Ba ta buɗe adakar sai in za ta sa turare, innarka ta ce sai kusa da azumi. Amma duk tarin da ta yi, ni ne nake jin shi a ƙirjina. Abin da nake so da kai, alhazan bana sun fara dawowa Yamai. Ka bi su a hankali, ko akwai mai irin wannan yadi, ko mai ɗan ragowar zamzam, mu wanke wani mu mayar shiru. Kada ka kuskura kawunka Halidu ya ji. Ɗanta ne, kuma tun ranar ɗaurin aurena yake kallona kamar akuyar da ta shiga masallaci.

Na ba Alasan mai kamyo, babbar motar kaya, wannan takarda, don in huta da kuɗin tambur, kan sarkin gidan waya.

Ubanka, Sha'aibu mai gada.

*

Gaya, 23 ga Yuli, 1959

Tanko,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru ban ji daga gare ka ba, ko allurar ce ta tsire maka hannu? Ko fushi kake yi da ni? In fushi ne ka yi shi a takarda, na fi son haka.

Maganar kakarka da na rubuto maka, abin da ya faru ya riga ya faru, ba mai iya mayar da shi, sai haƙuri. Innarka ba ta daina kuka ba, in ta gan ni sai ta juya baya. Ni ma ba na barci. Likkafanin da muka samu a nan Gaya ba irinsa ba ne ko kusa, mai shara-shara ne, ina ganinsa na ji kunya. Don Allah maganar zamzam ɗin nan kada ka yi sanyi da ita. Ko cikin ɗan gwangwani ne.

Wannan karon na sayi tambur, ka ga abin ya kai inda ya kai.

Ubanka, Sha'aibu.

*

Yamai, 29 ga Yuli, 1959

Zuwa ga Baba,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya sa ta huta. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ba mu duka.

Baba, takardarka ta fos, wadda ta biyo gidan waya, ta same ni ina tsakiyar wanke wa wani mutum gyambo. Ka ce ka rubuto mini tun farko, ni ban ga komai ba sai wannan. Ban san ranar da ta cika ba, ban san ko ta sha wahala ba, ban san ko ta ambace ni ba. Tarin ne? Tun hutun da na zo na ce a kai ta a duba ƙirjin, ta ce ba za ta tuɓe wa yaron da ta yi wa tsarki ba, balle wani. Da zan taho ta ce mini mijin banza, wanda bai taɓa kawo cefane ba. Na ce ta jira, allurata ta farko a jikinta zan yi. Ta ce sai dai in yi wa gawarta. Wasa muke yi, Baba.

Na je na gaya wa Kawu Halidu a daren. Ya shiga ɗaki ya rufe. Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, duk mutanen Gaya da ke Yamai sun zo gaisuwa, har da na Bengu da na Zabori. Ransa ya ɓaci ƙwarai da ba a buga masa waya ba, ya ce uwarsa ce ba uwar wani ba. Zai taho da kamyon Alhamis, shi da matarsa Ajuma da dattawa biyu, da buhun shinkafa da goro na sadaka. Ni babban likita ya hana ni, ya ce in kaka ce ba uwa ba, babu izini. Na tsaya a bayan ɗakin magani na yi kukana.

Abu ɗaya ban gane ba. Me ya sa kuka nemi likkafani a kasuwa? Iya tana da nata a baƙar adaka, tun ina yaro take nuna mini shi, tana cewa kayan aurenta na biyu ke nan, ba da ni za a yi ba. Ba ku duba ba ne? Zamzam kuma ban san me za a yi da shi ba tunda an riga an rufe ta, amma na samu ɗan gwangwani wurin wani alhaji, na ba Kawu tare da wannan takarda.

Ka yi wa Inna gaisuwa. Ka ce mata ina tafe da zarar an sake ni.

Ɗanka, Tanko.

*

Gaya, 3 ga Agusta, 1959

Tanko,

Gaisuwa. Kowa lafiya, har da mamaciyar. Ka share hawayenka, kakarka tana da rai. Ni ne dai ban tabbata ba.

Ran Juma'a da hantsi ina zaure ina jan tawada, sai na ji salati a ƙofar gida. Na ɗaga kai, ga kawunka da jajayen idanu, ga dattawa, ga wani yaro ɗauke da buhu, ga Ajuma ta ja mayafi har hanci. Kawunka ya miƙo mini hannu ya ce ya haƙuri. Ni kuma na zaci maganar yadin ce ta kai masa, sai na ce haƙuri ya zama dole, laifina ne, da hannuna na yi. Ka ga kallon da ya yi mini? Allah ya sa Ajuma ta riga ta shige cikin gida. Muna tsaye sai ga ta ta fito da gudu ba takalmi, ba ta tsaya ba sai bakin rijiyar unguwa.

Iya tana zaune gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Kawunka ya shiga ya tsaya kamar an dasa shi. Ta dube shi, ta dubi buhu, ta dubi goro, ta tambaya wa ya mutu.

Ya ce, "Ke, Iya."

Ta ce, "To, ba a gaya mini ba."

Da a nan abin ya tsaya da har gobe ana dariya a Gaya. Kawunka ya durƙusa ya riƙe ƙafafunta yana kuka, dattawa suna hamdala, maƙwabta suna leƙe ta kan zana. Sai ya tuna da ni. Ya ciro takardata da ka ba shi, ya ce a karanta a gaban kowa a ji wanda ya kashe masa uwa. Wani yaron lakwal ya karanta. Da ya zo kan likkafani, Iya ta ajiye ƙwaryar gyaɗa. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Daga waje muka ji ƙarar murfin adaka. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta dubi kowa ba, ta ce wa innarka a ba baƙi ruwa.

Sauran ni na faɗa da bakina, daga zaure, ina fuskantar bango. Kawunka bai buge ni ba, dattawa sun riƙe shi, amma ya kira ni da sunaye waɗanda ko mushe bai san su ba. Na yi tunanin in tsallaka gada in zama ɗan Dahome. Sai a bayan la'asar ya jefo mini takardarka ta ta'aziyya. Na karanta ta sau biyu. Kai ma na sa ka kuka a banza, wannan ma yana wuyana. Takardar farko tana wurin Alasan, an ce kamyonsa ya kwana biyu a Doso da karyayyen ƙarfe. Kuɗin tambur ɗaya na so in ci riba.

Ga abin da ya hana ni zama. Tun ranar Iya ba ta cin tuwo. Koko take kurɓa sau biyu ta ture. Ba ta zagin kaji, suna shiga har ɗakinta. Ba ta yi mini baki ba, ba ta ce a kore ni ba, da ta yi da na samu sauƙi. Tarin kuma ya ƙaru, yanzu har da wani sauti a ƙarshensa kamar ana jan guga.

Na bi gidajen Nasara ɗaya bayan ɗaya ina neman tarshona. Matar injiniya ta riga ta gangara Kutunu, bakin teku, za ta shiga jirgin ruwa, rabi yana cikin kayanta. Ka ji, likkafanin kakarka zai riga ta tafiya, kuma ba inda ya kamata ba. Sauran na same su a madafa. Wani an goge kofin giya da shi, wani kuku ya rantse mini kaskon naman alade ya share. Ɗaya kaɗai na gani da mutunci, an rataye shi a bango. Da Faransancina na shekara uku na yi wa matar mai duwan, babban kwastan, bayani, ta saurara tana gyaɗa kai, sannan ta ce ta gane, a kawo mata duzen biyu. Kasuwa ta buɗe, Tanko. Kowa yana son gada. Ban taɓa jin daɗin ciniki ya yi mini ɗaci haka ba.

Na je wurin limamin unguwa, ya ce a shari'a kowane farin ƙyalle mai tsarki ya isa, zamzam ba sharaɗi ba ne. Na roƙe shi ya je ya gaya mata. Ya je, ya dawo yana shafa gemu. Wai ta ce ta san wannan tun ba a yaye shi ba.

Ni ba ni da bakin magana da ita, ka sani. Shekara ashirin da wani abu in ta fito ta nan sai in bi ta can. Kai ne mijinta, kai kaɗai take yi wa dariya. Rubuto mata wani abu. Ko me za ka ce, ka sa ta ci tuwo.

Ubanka, wanda ya kashe surukarsa da tambur.

*

Yamai, 10 ga Agusta, 1959

Baba,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na zauna a ƙasa. Ina gaida Inna, ina gaida Iya, ina gaida Kawu in bai taho ba.

Takardarka ta farko ma ta iso jiya, Alasan ya tsinto ta ƙarƙashin kujerar kamyo, duk ta sha baƙin mai. Na karanta, na yi dariya a wurin gwangwanin tawada, sannan na ji haushin kaina da na yi. Baba, ka yi mini afuwa, ba ni da girman da zan yi maka faɗa. Amma ko a takardar nan da kake ba ni labarin Iya ba ta cin abinci, sai da ka sa ni dariya sau uku. Ina jin tsoron in ka je gabanta haka za ka yi. Ka aika liman, ka aika Inna, yanzu kana aika ni. Ka je da kanka, ko daga bayan ƙofa ne, kuma wannan karon kada ka sa wasa a ciki.

Rashin cin nan shi ya fi damuna. Tsohuwa mai tari in ta bar abinci, tarin yakan sami wurin zama. A dama mata fura da nono, a ba ta romo, ko kaɗan-kaɗan ne. Na ba Alasan kwalbar magani, na tsaya a kansa har ya sa ta a aljihun gaba.

Wannan a karanta wa Iya:

Matata, ashe haka kike? Kin sa na yi zaman makoki, na karɓi gaisuwa, 'yan matan Yamai har sun fara yi mini murmushi don sun ji na zama gwauro, sai ki fasa? To, tunda kin dawo, ki ci tuwo ki yi ƙiba, ba na son mace ƙashi da fata. Allurarki tana nan na ajiye, na wasa mata baki. Kada ki je ko'ina sai na zo.

Ɗanka, Tanko.

*

Gaya, 20 ga Agusta, 1959

Tanko,

Gaisuwa da sa albarka. Magani ya iso, Alasan ya kawo shi da hannu biyu kamar jariri. Kawunka ya koma, bai yi mini sallama ba, amma ya bar shinkafar. Innarka ta fara amsa mini in na yi magana, da kalma ɗaya-ɗaya.

Ka ce a karanta wa Iya saƙonka, ka manta duk gidan nan ba mai karatun boko sai ni. Na nemi yaron lakwal ɗin nan, an tafi da shi gona. Na yi ta juya takarda har azahar. Daga baya na cire takalmi da hula, na durƙusa a bayan asabarin ƙofarta, na yi sallama da muryar da ni ma ban san ta ba. Na ce saƙo ne daga Yamai. Ta ce a karanta. Na buɗe baki na ce wa surukata, "Matata." Tanko, da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta a kaina. Innarka tana bakin murhu ta toshe baki da zane. Na daure na kai ƙarshe, gumi yana ɗiga a kan 'yan matan Yamai. Sai na ji dariya daga ciki, ƙarama, ta koma tari, tarin ya daɗe.

Na yi yadda ka ce. Na faɗi abin da na yi tun daga jinkar da ban gyara ba har almakashi, ban sa gishiri ba. Na ce ga zamzam da ka aiko, ga alawayyo mai kyau zan sayo a Kamba, a wanke a ajiye. Ban zaci za ta amsa ba, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba tun da na shigo zuriyarta.

Ta ce, "Baban Tanko, ka san yadin nan rabi ne?"

Na ce ban sani ba. Ta ce turmi guda Alhaji ya zo da shi a ka tun daga can, ya sayar da rigarsa a hanya bai sayar da shi ba. Ranar da ya rasu ita ta riƙe gefe ɗaya aka raba biyu. Yana kwance cikin rabi, ita kuma ta ajiye rabi. Ko innarka ba ta san wannan ba, na ji ludayi ya faɗi a bayana.

Ta ce, "Abin da ka yanka ko a Makka ba a sayar da shi. Ka bar maganar biya."

Innarka ce ta tashi ta je zaure, ta kwance wani siririn ƙyalle da na ɗaure ƙafar teburin aikina da shi. Bakin yadin ne, da na ga ya yi siriri ba ya ɗaukar gada na jefar. Tawada ba ta taɓa shi ba. Ta wanke ta kai mata. Iya ta ce wannan ya isa a rufe mata kai, a mayar da shi adaka, a kuma sa kwaɗo.

Na ce sauran fa? Ta ce ba ta son yadin Kamba da aka yayyafa wa ruwan gwangwani a ɓoye, ba za ta kwanta cikin dabara ba. Zamzam ɗinka ta shanye shi, ta ce na mijinta na Yamai ne. Sannan ta ce tunda hannuna ya iya yanka, ƙafata ma ta iya tafiya. In je Makka da kaina, in sayi fari, in wanke shi a rijiyar da hannun da ya riƙe almakashi, in kawo mata.

Na ce, "Iya, sai baɗi fa."

Ta ce, "Zan yi ƙoƙari in jira. Ban yi alkawari ba."

A daren ta ci rabin malmala.

To, ka ji inda ubanka yake. Ni da ban taɓa wuce Faraku ta Dahome ba, a can ma amai na yi ta yi a kamyo. An ce masu bin ƙasa zuwa Makka ta garin Lami da Sudan suna tashi bayan kaka, wasu su dawo cikin shekara, wasu sai 'ya'yansu sun yi gemu. Guzuri kuma sai daga gada. Yanzu tun asuba nake jan tawada har hannuna ya koma baƙi, na ƙara mai hoton kasuwa da mai dorina, ko da yake dorinar ta fi kama da tulu. Nasara suna saye, amma duk wadda ta saya ɗaure kaya take yi. Ana ta cewa mulkinsu ya kusa ƙarewa. Shekaru ina addu'ar su tafi, yau ga ni ina roƙon Allah ya ɗan riƙe mini su zuwa kaka.

Ka nemi hutu ko na kwana biyu ne, ka zo da abin nan da kuke saurarar ƙirji da shi. Ka ce mata allura ka kawo. Ka saurara da kyau, sannan ka same ni a zaure ka gaya mini gaskiya ba ta likita ba, ko tana da kwanakin jiran mai tafiyar ƙasa. In na tafi ban san wa zan tarar ba. In na zauna kuma na san abin da za a naɗe ta da shi.

Ba ta sake yi mini magana ba, mun koma yadda muke, ta fito ta nan in bi ta can. Sai dai kullum da safe in innarka ta kai mata koko, kafin ta karɓa takan tambaya, "Har yanzu yana nan?"

Har yanzu ina nan, Tanko.

Ubanka, Sha'aibu.